Dalili Na Huɗu

Jan biro Baba ya ɗauka, ni kuwa tun daga nan na san takardata ba za ta kai labari ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana hedimasta. Ya ajiye aiki, amma aikin bai ajiye shi ba. A gidanmu ba a roƙon Baba abu da baki. Rubutawa ake yi, a jera dalilai, a sa musu lamba, shi kuma ya gyara tabarau ya duba. Ni ce autarsa, shekarata ashirin da bakwai, nas ce a asibitin unguwa, amma ga ni tsaye gaban teburinsa hannu a baya kamar 'yar aji uku.

"Dalilan halartar taron fasahar zamani da kiwon lafiya," ya karanta a hankali. "Kwana uku a babban birni. To, mu gani. Na ɗaya, zan ga sababbin hanyoyin duba marar lafiya daga nesa, in dawo in koya wa abokan aiki."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Ba ke kika ce mini za a haska taron a intanet ba? Abin da ake gani daga nesa, ki gan shi daga nesa."

Ya ja layi a kai.

"Na biyu, zan haɗu da masana da masu tallafi, waɗanda za su iya kai manhajarmu ta waya wasu asibitoci. Likitan asibitinku ya san su duka, shi ya gaya mini da bakinsa."

Ya sake jan layi. Na ji kamar a fatata yake ja.

"Na uku, an ba mu minti goma mu gabatar da aikinmu gaban jama'a." Ya zagaye kalma ɗaya da jan biro. "Auta, su wa ye 'mu'?"

"Ni da wanda ya ƙera manhajar, Baba."

"Wato Malam Shiru."

Gwaggo, yayar Baba wadda ta rene ni tun rasuwar Umma, ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Ai na faɗa maka! Ruwa ba ya tsami banza. Taron lafiya, ko taron soyayya?"

Malam Shiru sunan da 'yan asibiti suka laƙa masa ne, don in'ina gare shi, mai tsanani kuwa. Shi ke gyara mana kwamfutoci. Wata biyar da suka wuce ya zo gaida Baba da maganar aurena. Ya durƙusa a kan kafet, ya haɗa hannayensa biyu don ladabi, ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Minti uku yana kokawa da kalma ɗaya, gumi na tsiyaya. Baba, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koya wa yara muhawara, ya miƙe ya ce, "Wanda bai iya neman mace da bakinsa ba, da me zai kare ta?" Daga ranar aka haramta mini shi, sai dai gaisuwar wurin aiki.

Ina son shi. Ban taɓa ɓoye wa kaina ba, kuma wata biyar ɗin nan ba su rage komai ba sai ƙibata.

Ƙarfe takwas ta buga, wayar Baba ta yi ƙara. Nan da nan fuskarsa ta sake, ya danna lasifika.

"Barka da safiya, Baba," in ji wata murya mai sanyi. "Lokaci ya yi. Ruwa a kusa..." sai aka ji ƙwas-ƙwas, kamar an taɓa katako sau biyu, "...magani a hannu. Allah Ya ƙara lafiya."

"Amin, Ɗan Albarka," Baba ya amsa wa wayar, ya haɗiye ƙwayar hawan jininsa da ruwa. "Kin ji mutum? Wannan ya san inda ake numfashi a cikin jimla. Har ƙwanƙwasa ƙofa yake yi kafin ya ambaci magani. Wanda kuka yi hayar muryarsa dai ya sha tarbiyya."

Na sunkuyar da kai. Manhajarmu ke nan: tana kiran tsofaffi masu hawan jini, da safe ta tuna musu magani, da yamma ta tuna musu awo. Kafin ta, Baba ba ya shan magani sai ya ga dama, har ya taɓa yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofa. Yanzu wata bakwai bai tsallake ko rana ɗaya ba, don kunyar Ɗan Albarka yake ji.

Bai san muryar wa yake amsa wa ba. Ta ina zai sani, shi da bai taɓa jin Shiru ya kai ƙarshen jimla ba?

"Yaushe za a rufe rajista?" ya tambaya.

"Ƙarfe biyar na yau. In ban tabbatar da sunana ba, za a ba wani gurbin."

Ya soke na ukun ma, ya miƙo mini takardar, layuka uku ja a kanta.

"Kina da lokaci. Ki kawo dalili ɗaya mai tsayuwa da ƙafarsa. In babu, babu tafiya."

* * *

Ranar ban san yadda na yi aiki ba. Na ɗaura wa wata tsohuwa na'urar awo a juye, na nemi birona sau uku yana soke a ɗankwalina. Agogon bangon ɗakin jinya kuwa kamar wani ke tura shi.

Wajen sha ɗaya Likita ya same ni a teburin kati. Ba zan yi masa ƙarya ba, kyakkyawa ne, ga iya aiki, ga baki kamar an shafa masa zuma. Wata uku ke nan yana zuwa gidanmu, su zauna da Baba suna musu kan labaran rediyo, Gwaggo na rawar ƙafa.

"Nas, na ji Baba ya yi miki maki," ya ce yana murmushi. "Kada ki damu. Sunana ne na biyu a jerin asibiti. Kalma ɗaya zan yi masa ya bar ki. Mu tafi a motata da Gwaggo, ni in yi jawabin, ke ki tsaya gefena."

"Malam Shiru fa?"

"Shi ya zauna a baya ya danna majigi. Ai abin da ya iya ke nan."

"Likita, shekara biyu ya yi yana gina abin nan."

"Na sani, kuma ban raina ba. Amma aiki ba ya magana, mutum ke yi. Masu tallafin nan fuska suke tunawa, da murya. Kina so ki tsayar da shi gaban mutum ɗari biyar ya kama 'm-m-m' har minti goman ya ƙare?"

"Shi ya sa zan je. Ni ce bakinsa."

Murmushin ya ɗan ragu. Ya gyara abin sauraren ƙirji da ke wuyansa.

"Baki kika zaɓa ki zama, ga inda za ki zama matar gida?" Ya juya. "Zan biya ta wurin Baba da yamma. In biyar ta kusa ba ki danna ba, ni zan danna. Ba za a bar asibiti ba wakili ba."

Ba ƙarya ya faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

* * *

A sito na sami Shiru, tsakanin kwalayen safar hannu da tsofaffin fayiloli. Nan muka ɗauki saƙonnin duka, don nan ne kawai ba a jin hayaniyar asibiti. Ni na riƙe masa makirfo. Saƙon safe kaɗai sau arba'in da uku ya maimaita kafin ya fita lafiya. Harafin "m" ne maƙiyinsa, ba ya wuce shi sai ya ƙwanƙwasa katako sau biyu da ɗan yatsa. Mun yi mun yi mu goge ƙarar, ta ƙi rabuwa da kalmar, muka bar ta.

Yana ganina ya miƙe, ya karanta fuskata, ya koma ya zauna.

"Ya s-soke?"

"Duka uku."

Ya jawo wayarsa zai rubuta mini, kamar yadda yake yi in magana ta yi masa nauyi. Na fizge wayar na sa a aljihuna.

"Yau ba rubutu. Ka yi mini magana."

"Ki b-bar Likita ya je. Aikin zai kai inda ake so. Tsofaffi za su..." ƙwas-ƙwas a kan kanta, "...mora. Shi ne dai."

"Kai fa? A ɗaga allo a ce aikin Likita, a tafa masa, kai kana baya kana danna majigi?"

"Na s-saba."

"Ni ban saba ba!" Hawaye ya ɓalle mini, ban ko yi ƙoƙarin tare shi ba. "Ka bar ni in gaya wa Baba. Kalma ɗaya ce. In ce masa Ɗan Albarkan da yake yi wa addu'a kullum safe kai ne."

"A'a."

"Don Allah."

"Kin yi alk-kawari." Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Kin san B-baba. In ya ji ni ne, zai ce an yi wasa da hankalinsa. Zai kashe wayar. Ya daina shan..." ƙwas-ƙwas, "...magani. In ya s-sake faɗuwa, da wane ido zan dube ki?"

Abin da ya rufe mini baki wata biyar ke nan. Baba mutum ne da zai gwammace jininsa ya hau da a ce an yi masa wayo.

"To ni in yi yaya?" na ce ina shessheƙa. "Ina tsakanin mahaifina da kai, kowa ya yi shiru ya bar ni da magana. Na gaji, wallahi na gaji. Ka san me ya sa nake son zuwa taron nan? Ba don na'urorinsu ba. So nake sau ɗaya a duniya in tsaya gaban mutane in nuna ka in ce ga wanda ya yi. Sau ɗaya kawai."

Ya girgiza kai.

"Ba na so ya k-karɓe ni don tausayi."

"To ka zo ka roƙe shi da kanka. Ba aure ba, taro kawai. Ban ce ka faɗi sirrin ba. Ka zo ka tsaya, ko awa ɗaya maganar za ta ɗauka."

"Zai k-kore ni."

"Ya kore ka ina gani, ya fi a ce ba ka zo ba."

Na ajiye masa wayarsa a kan kwali na fita. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba.

* * *

Huɗu saura kwata na isa gida, motar Likita na ƙofa. Yana falo ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, Gwaggo ta cika masa gaba da kofuna. Baba na bayan teburinsa na katako, jan biro a gefe, na'urar awo a ɗaya gefen.

"Ina dalilin?" ya ce.

Na ajiye takardar safe. Ba abin da na ƙara.

"Kin gani?" in ji Gwaggo. "Yarinya, ga hanya shimfiɗe kin ce sai ƙaya. Mutum ya ce zai kai ki a mota, har da ni, me ya rage? Ko so kike ki ƙare rayuwarki kina ƙarasa wa miji zance?"

Na zauna, na miƙe, na leƙa taga, na dawo. Na duba waya: shafin rajista a buɗe, gurbin tabbatarwa na jira. Yatsana ɗaya ya isa. Amma ban taɓa taka ƙofar gidan nan ba da izinin Baba ba, kuma ba yau zan fara ba.

Huɗu saura biyar aka yi sallama, sallamar da ta karye a tsakiya.

Shiru ne, ya sa farar rigarsa guda ɗaya mai kyau, ta jiƙe a baya. Ya shigo ya durƙusa gaban teburin, ya haɗa hannayensa biyu. Na so in yi ihu in ce ya saki hannun.

"Na hana ka gidan nan," Baba ya ce.

"B-baba, na zo ne in r-r-r..."

"Roƙa," Likita ya ƙarasa masa cikin taushin murya.

"...a k-kan..." Ya tsaya. Leɓɓansa suka haɗe suna rawa. "M-m-m..."

"Maganar taro, Baba, yake nufi," in ji Likita.

Gwaggo ta yi tsaki. Jijiyoyin wuyan Shiru suka tashi, idonsa a rufe, yana ta faman "m-m-m" kamar mai tura motar da ta maƙale a yashi. Ni kuwa hawaye kawai nake, na cije gefen mayafina.

Sai wayar Baba ta yi ƙara. Ƙarfe huɗu.

Baba ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Ya danna lasifika, ya tura wayar bakin tebur, daidai fuskar Shiru.

"Saurara ka ji yadda ake magana. Ko ka koyi wani abu."

"Barka da yamma, Baba. Lokacin awo ya yi. Ka zauna ka huta, sannan ka..." ƙwas-ƙwas, "...miƙa hannu. Allah Ya ƙara lafiya."

"Amin, Ɗan Albarka." Baba ya dubi Shiru. "Ka ji? Jimla huɗu, ba gargada. Na koyar da yara masu in'ina, ban taɓa raina su ba. Abin da na raina shi ne mutum ya bar wani ya yi masa magana. Maimaita mini jimla ɗaya daga cikin nan, ɗaya tak, in saurari roƙonka."

"Baba, don Allah..." na fara.

"Ke, yi mini shiru."

Shiru ya buɗe ido. Ya dube ni, kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba, na wanda aka kai bango. Ya ja numfashi.

"Ka z-zauna ka huta," ya ce a hankali, "sannan ka..."

Ya maƙale. Leɓɓa suka haɗe. Likita ya buɗe baki zai taimaka. Ban sani ba ko da gangan ne, ko hannun ne ya gaji da ladabi, sai na ga ya saki ɗan'uwansa ya kai ƙafar teburin Baba.

Ƙwas-ƙwas.

"...miƙa hannu. Allah Ya ƙara lafiya."

Tas ta fita, da sanyinta, da inda ake numfashi.

Ba wanda ya motsa. Ludayin Gwaggo ne kawai ya zame ya faɗi kan kafet. Baba ya dubi wayar, ya dubi ƙafar tebur, ya dubi ɗan yatsan da har yanzu yake jingine da katakon. Ya cire tabarau, ya mayar.

"Na safe," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Faɗi na safe."

"Ruwa a kusa..." ƙwas-ƙwas, "...magani a hannu."

Baba ya jingina da kujera.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Wata bakwai ina yi wa mutumin nan addu'a safe da yamma, wata biyar ina korarsa, kina kallo?"

"Tsoro na ji kada ka daina shan magani. Shi ma abin da ya hana shi faɗa ke nan. Ya gwammace ya rasa ni."

"Sau nawa ya maimaita kafin ya fita haka?"

"Na safe, arba'in da uku."

Likita ya gyara murya. "Baba, abin burgewa ne, amma a taro ba a maimaita..."

"Likita," Baba ya katse shi ba tare da ya dube shi ba, "a ajina ba a ƙarasa wa ɗalibi amsa."

Likita ya ɗauki makullinsa. Bai fita ba, ya dai tsaya bakin ƙofa yana duba agogo. Huɗu da kwata ta wuce.

Baba ya dube ni, fuskarsa a ɗaure tamau.

"Ki cire lambata daga na'urar nan."

Abin da muka yi wata biyar muna gudu ya zo. Shiru ya dafa ƙasa da hannu biyu.

"B-baba, a'a! Ka k-kore ni, amma ka sha..."

"Ban gama ba." Baba ya jawo takardata, ya buɗe jan biro. "Ba yau ba. Ranar da kuka dawo. Mai ƙafa ba ya aiko murya. Ƙarfe takwas na safe ya zo nan ya faɗa mini da bakinsa, ni kuma in gyara masa numfashi. Arba'in da uku ta yi yawa, za mu rage."

A ƙarƙashin layukan nan uku ya rubuta lamba huɗu da hannunsa, ya yi rubutu gajere, ya miƙo mini. Hawaye ya hana ni gani sai da na goge. Cewa ya yi: *Don a san mai aikin.* A gefe ya sa alamar daidai.

"Ki yi minti tara," ya ce. "Minti na ƙarshe nasa ne. Ki tabbatar an ajiye masa tebur na katako."

Na danna gurbin, shafin ya yi ta juyawa kamar ba zai tsaya ba, sannan ya nuna an karɓa. Da na ɗago, bakin ƙofa ba kowa.

"Yanzu shi ke nan?" in ji Gwaggo. "Ka ba shi ita?"

"Taro na ce, Yaya. Ban ce aure ba." Ya nannaɗe hannun rigarsa ya miƙa mini don awo. "Wannan takarda ce daban, kuma shi zai kawo ta. Da baki."

Shiru na durƙushe har yanzu, yana so ya ce wani abu. Leɓɓansa sun haɗe, hannayensa na ƙasa, ya manta da tebur. "M-m-m..."

Gwaggo ta buɗe baki, Baba ya harare ta, ta rufe. Muka jira. Iska na shiga na'urar awo, tana matse hannun Baba, shi kuwa idonsa na kan Shiru.

Can sai ya miƙa ɗaya hannun, ya lanƙwasa ɗan yatsa, ya taɓa teburinsa sau biyu.

Ƙwas-ƙwas.

"Madalla," in ji Shiru.